Kafin Ka Sayi Ragon Turke, Buɗe Bakinsa

Duk shekara, da an ce saura wata uku ko huɗu Babbar Sallah, 'yan unguwarmu a nan Garwa ta Kamaru kan fara tambayata wane irin rago ya kamata su ɗaure. Wani ya ce Balami, wani ya ce Uda. Ni kuwa ba na fara maganar iri sai mun gama maganar baki, domin a nan ne kuɗin mutum ke dawowa ko ya salwanta.

Rago da sa ba su da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri. A ƙasa suke da guda takwas, kuma su ne abin dubawa. Ɗan rago yana fara rayuwa da haƙoran nono 20, idan ya girma su zama 32 har da turame. Famfara tana farawa daga tsakiya, biyu-biyu: na farko tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi, na biyu wajen shekara 2, na uku wajen shekara 3, na gefe kuma kusan shekara 4. Shi ya sa za ka ji 'yan kara suna cewa mai biyu, mai huɗu, mai shida, ko ya cika baki.

Ni dai mai biyu nake saye. Ka ɗaga leɓensa ka ga manyan haƙora biyu masu faɗi kamar bakin cebur a tsakiya, ƙananan na nono uku-uku a gefe, to ka samu abin da kake nema. Ƙashinsa ya kafu amma bai gama girma ba, don haka duk abin da ka zuba masa, dusa ce, harawa ce ko turto, wato ƙuli-ƙulin auduga na kamfanin Sodecoton, yana tafiya ne wajen gina jiki da nama. Yana cin abinci da zafi-zafi, yana jure sauyin wuri daga daji zuwa turke, namansa kuma ba ya wahalar da mata a tukunya. Ga kwanciyar hankali ta wajen addini: ragon da ya riga ya yi famfara ya kai shekarun layya, ba sai ka tsaya kana dogara da rantsuwar wani ba. Kuma shekarunsa ba sa ɓoyuwa, domin bambancin manyan nan biyu da ƙananan da ke gefensu ko yaro zai gane.

Mai huɗu ba laifi idan ƙaho da kwarjini kake so, sai dai ka biya kuɗin girman da ya riga ya yi a hannun wani. Wanda bai yi famfara ba yana da araha, amma zawo ɗaya kan kayar da shi. Wanda ya cika baki kuwa na mahauta ne.

Akwai wata shekara da na je wata kasuwar ƙauye da jaka tamanin a aljihu. Dillalin ya jawo mini wani farin rago, ya ɗan ɗaga leɓensa da babban yatsa ya sake nan take. “Alhaji, ka gani da idonka, ko famfara bai yi ba. Yaro ne ɗanye, girman jiki ne kawai Allah ya ba shi.” Na hango ƙananan haƙora a jere, na yarda, na biya har da la'ada. Wata biyu ina zuba masa turto da dusa, rago yana nan jiya i yau. In yana tuƙa sai in ga dunƙulen ciyawa yana faɗowa daga bakinsa, gefen muƙamuƙinsa duk ya yi kore. Wani dattijo Bafulatani da ke kawo mana nono da iyalinsa ya leƙa turken, ya sa hannu ya buɗe bakin sosai, ya girgiza kai. Ya ce wannan ai ya haura shekara bakwai. Haƙoran da na ɗauka na nono ne ashe tsofaffi ne da suka cinye suka zama guntaye, biyu ma har girgiɗi suke yi.

Tun daga ranar na koyi bambance su. Haƙorin nono fari ne tas, yana da siririn wuya wajen dasashi, bakinsa da kaifi. Na tsoho ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, samansa a shafe, akwai giɓi tsakaninsu, dasashin ya janye. Kada ka yarda da leƙen da dillali zai yi maka na ƙiftawar ido. Kai za ka riƙe haɓar da hannunka, ka juya ragon wajen hasken rana, ka taɓa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Ka rufe bakin ka ga ko sun sauka daidai kan dasashin sama, don wanda muƙamuƙinsa ya zarce ko ya gaza ba ya iya tsinkar ciyawa yadda ya kamata. Ka shafa kumatunsa ta waje, in ka ji kumburi ko ya zabura, turamensa da matsala. Wanda ya hana ka buɗe baki, ya ce wai ragon yana da faɗa, ka bar masa abinsa ka yi gaba.

Akwai kuma masu yin akasin haka. Su kama ɗan rago ko karsana su fizge haƙoran nono na tsakiya tun lokacinsu bai yi ba, don a ce ta fara famfara. Famfarar gaskiya za ka ga kan sabon haƙori yana leƙowa ta ƙarƙashi. Ta ƙarya rami ne ja mai rauni, wani lokaci da ragowar saiwa a ciki. Mai sayen layya ya kula da wannan ƙwarai, domin malamanmu na Malikiyya suna lissafa zubewar haƙora ba ta famfara ko tsufa ba cikin aibubbukan dabba. Sai masu ba dabba gishiri ko kanwa da safe su ɗura mata ruwa ciki ya tashi, da masu wanke rago da omo har ya riƙa ɗaukar ido, da masu kankare ƙaho su shafe shi da mai don layukan tsufa su ɓace. Shi ya sa ban ɗauki ƙaho shaida ba.

Idan sa za ku haɗa kuɗi ku saya a kasuwar Adumri ko ta Pitowa, lissafin iri ɗaya ne, sai dai ya fi jinkiri. Biyun farko suna fitowa wajen shekara 2, kuma shanunmu masu tozo, Gudali ne ko na Mbororo, sukan ɗan makara fiye da na Turai. Bakin yakan cika tsakanin shekara 4 da 5. Tunda a Malikiyya sai sa ya cika shekara 3 ya shiga ta huɗu yake isa layya, mai biyu bai wadatar ba a nan, ku nemi mai shida.

Doki shi yana da haƙoran gaba sama da ƙasa, shida-shida. Yana famfara a shekara 2 da rabi, 3 da rabi, da 4 da rabi, ingarma kuma ya fitar da fiƙa kusan shekara 5. A saman kowane sabon haƙori akwai ɗan baƙin rami da ke shafewa a hankali, na ƙasa sukan ɓace tsakanin shekara 6 da 8. Macuta kan ƙwaƙule haƙorin tsohon doki su ƙona wurin da ƙarfe mai zafi don ramin ya dawo. Ka dube shi ta gefe: haƙoran matashin doki suna haɗuwa a tsaye, na tsoho sun yi tsawo sun karkata gaba, wannan kuwa ƙarfe ba ya gyara shi. In dokin hawan sallah za ka saya, ka tafi da wanda ya daɗe a bargar Lamiɗo ko likitan dabbobi, ka biya shi kuɗin mota da na goro.