Motar batir ko motar langa-langa: abin da zan zaɓa wa yara a hutun damina

Ɗan'uwa, kada ka sayi motar rimot ɗin nan. Tunda ka ce a zaɓa maka tsakanin kayan wasa na kanti da barin yara su ƙera nasu a wannan dogon hutu, na zaɓa maka na biyun. Kuɗin da ka ware, cire kaɗan ka sayi filaya, almakashi, zare da allura da gam. Sauran ka ajiye na man mota, zan faɗa maka inda za ka kai su.

Ta kantin na taɓa saya wa ɗana a Sabon Gari, ja, mai fitila da jiniya. Kyau kam ba a magana. Hutu bai raba tsakiya ba haƙoran robar da ke juya tayar suka cinye, kuma an liƙe cikinta yadda ba ta buɗuwa sai an fasa. Iyakar labarinta ke nan.

Mu kuwa da muka tashi a cikin garin Kano, wajen Dala, motarmu ta langa-langa ce, wato siririn ƙarfen nan da ake ɗaure dilar yadi da shi. Daga Kantin Kwari ake samo mana. Wani yayanmu shi ne ogan gareji, a zauren gidanmu yake zama da guduma da ƙusa, mu ƙanana muna riƙe masa. Da langa-langar ake lanƙwasa gindin mota, a yanka gwangwanin madara a yi bodi, a sami tsohon silifa a dafa bakin gwangwanin tumatir a kai a yanko taya huɗu daidai wa daida. Sitiyari doguwar waya ce da ke zuwa har ƙugun yaro, yana tafe yana murzawa, tayoyin gaba suna juyawa da gaske. Wanda ya ƙware har sifirin yake yi mata, ya ninka langa-langa biyu a ƙarƙashi, in ya yi lodin yashi ka ga tana lilo a kan kwalbati.

Abin da ya sa nake tsayawa a kan wannan, motar tana lalacewa kullum, kuma kullum ana gyara ta. In taya ɗaya tana ɗingishi, yaro zai juya ta ya duba, ya gane hujin da ya yi bai faɗa tsakiya ba. In tana kifewa a kwana, zai gane lodi ya yi sama da yawa ko gindin ya yi ƙunci. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan, hannu ne ya koya. Mu da kullum muke maganar dogaro da kai, mu dasa zogale a bayan gida, mu haɗa sola da kanmu, mu gyara famfo ba tare da kiran kowa ba, ai daga irin wannan zauren aka fara. Motar rimot ba ta ba yaro wannan damar: ya danna ta tafi, ta tsaya ya zo ya ce Baba a sayo batir.

Sai dai ka lura da lokaci, domin kowane wasa da kakarsa. Da damina kara yana wuya, sai an yi girbin dawa wajen Oktoba zuwa Nuwamba. Lokacin ne ake feƙe bayan kara a soka a totuwa a yi tabarau, jirgin sama, kejin tsuntsu. Damina ta laka ce. A samo yumɓu a gina shanu da tozonsu, a sa musu ƙaho da ƙaya, a shanya a inuwa don kada rana ta tsattsaga su. 'Yan mata su gina tukwane da murhu, su karɓo ƙyallaye wajen telan unguwa su ɗinka wa 'yar tsana riga da ɗankwali. Carafke 'yan duwatsu kawai take buƙata, 'yar gala-gala zane ne a ƙasa. Dara kuwa rami 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan tsakuwa, kuma na ga ta zaunar da yaro mai ƙiriniya tun daga la'asar har kiran magariba.

Ranar da aka sha ruwan Agusta, bayan sallar isha, wasanmu maƙesu ne, ƙwaron nan mai ƙyafta wuta da dare. Akwai kududdufi a bayan unguwarmu, gefensa ciyawa ta yi tsayi, sai ka ga wuta tana ƙyaftawa nan da can kusa da ƙasa. Mu bi su da tafin hannu, mu zuba a kwalbar da muka huhhuda murfinta, mu shigo soro muna gasar wanda tasa ta fi haske. Kakarmu ba ta yarda a kwana da su, sai ta sa an buɗe kwalbar kafin a kwanta. Kuma tana da gaskiya, domin bayan ya yi fiffike 'yan makonni kawai maƙesu yake rayuwa, kuma a cikinsu ne yake neman abokin haihuwa.

In yaranka suka tambaye ka yadda ƙwaro yake kunna wuta bai ƙone ba, ga abin da za ka faɗa musu. A ƙarshen cikinsa akwai wani sinadari da masana ke kira lusiferin. In ya haɗu da iskar oksijin, da taimakon wani sinadarin mai suna lusiferes, sai haske ya fito, kusan ba tare da zafi ba. Shi ya sa za ka riƙe shi a hannu ba ka ji komai ba, alhali tsohon ƙwan lantarki mai zare yawancin wutarsa a zafi take tafiya. Ƙyaftawar kuma magana ce tsakanin namiji da mace, kowane iri da salon tasa, kuma an san iri sama da 2,000 a duniya. Tsutsarsu a ƙasa mai danshi take girma, tana cin dodon koɗi da makamantansa.

Wannan ne ya sa yaran da aka haifa a cikin Kano yanzu da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Kududdufan an cike su an yi gini, tsakar gida an shafe da siminti, ciyawa ana yi mata feshi, ga fitilun sola a titi da ƙofar gida har gari ya waye. Inda haske ya yi yawa, macen ba ta ganin ƙyaftawar namijin. Abin yana ci mini rai ƙwarai in na tuna, domin kududdufinmu ma yau shaguna ne a kai.

To ga inda man motar zai yi amfani. In kana da ɗan'uwa ko aboki mai gona a bayan gari, wajen Tamburawa ko gefen Challawa ko hanyar Wudil, inda akwai fadama, ka kai su su kwana ɗaya bayan an yi ruwa. Wurin da ka san mutane za ka je, ba kowane daji ba. Su sa takalmi sau-ciki saboda maciji, da riga mai dogon hannu saboda sauro, kuma kada ka bar kowa ya matsa bakin ruwa. Ku kashe tocila da waya ku ɗan jira ido ya saba da duhu. Ban yi maka alkawarin za ku gani a daren farko ba, amma in akwai danshi da ciyawa da duhu, da wuya a rasa.

Na gida ma yana da nasa haɗarin, ba zan ɓoye maka ba. Bakin gwangwani yana yanka, langa-langa mai tsatsa ma haka, don haka yankan ƙarfe aikinka ne, ka kuma daddake bakin da guduma kafin ka miƙa musu. Ka tabbata rigakafinsu na tetanus ya cika. Sannan yana cin lokacinka, ranakun farko dole ka zauna da su. Ɗan ƙasa da shekara uku ba ya cikin wannan lissafi, shi ƙwallon tsumma babba da ba ta shiga baki ta ishe shi.

Ba ka tambaya ba, amma in uwargida ta matsa sai an sayo na kanti, ka yi hattara da wasu masu sayarwa. Akwai mai gwada maka da batirinsa mai ƙarfi, ya juya baya ya sa maka wata a leda, ka zo gida ka tarar ba ita ba ce. Akwai mai wanke ta gwanjo ya mayar a sabon kwali. Mai caji kuma sau da yawa ta daɗe a ajiye batirin cikinta ya mutu, ta yi minti kaɗan ta tsaya, ka koma ya ce yara ne suka ɓata. Wadda aka gwada a gabanka ita za ka karɓa da hannunka. Ka duba murfin batir, in ba a ɗaure shi da noti ba ka ajiye. Ƙananan batiran nan masu faɗin kwabo in yaro ya haɗiye suna iya ƙona maƙoshi cikin awa 2, asibiti ake gudu nan take, ba a jira. Wanda fentinsa ke fita a yatsa ma kyan ɗan maciji ne.

In dole sai ka kashe kuɗi a kanti, sayi ƙwallo da lido. Wayar yin sitiyari kuma ka leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa ko wajen 'yan gwangwan na unguwarku, ka zaɓi mai laushi wadda filaya za ta lanƙwasa, sannan ka gaya wa mutanen gida daga yau a daina zubar da gwangwanin madara da tsohon silifa.