Tirarse ko lanzarse: wanne za ka fara koya?

A Sifaniyanci, mai son cewa mutum ya jefa kansa, a ruwa ko a ƙasa, yana da kalmomi biyu a hannu: tirarse da lanzarse.

Tirarse ba ta da gardama. Ga yadda take sauyawa a lokacin yanzu, daga "ni" zuwa "su": me tiro, te tiras, se tira, nos tiramos, os tiráis, se tiran. Abin da ya wuce kuwa, me tiré. Jijiyarta, wato tir-, ba ta motsi ko kaɗan.

Lanzarse ma haka take tafiya, me lanzo, te lanzas, har sai harafin e ya biyo baya. Nan z ke rikiɗa ya koma c: me lancé, no te lances, láncese. A nan ɗalibai kan yi tuntuɓe, su rubuta lanzé. Kunne ba zai kama kuskuren ba, domin lafazin ɗaya ne, sai a takarda.

Duk da haka ni lanzarse nake ba sabon shiga. Tana ɗauke da ma'anar yin ƙuru, kamar se lanzó a hablar, wato ya yi ta maza ya soma magana. Tirarse kuwa tana da tarko: a Sifaniya, tirarse a alguien batsa ce tsagwaronta, kada ka kuskura ka faɗe ta gaban surukai.