Magana Jari Ce: a sayi ukun a haɗe, a duba bugun kafin a biya

Duk mai son ya sa yara su kamu da son labari, littafin Alhaji Abubakar Imam, Magana Jari Ce, bai tsufa ba. A Zariya aka rubuta shi, na farko ya fito a 1937, kuma kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) ya daɗe yana buga shi. Littafi uku ne. Kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne ɗaukar ɗaya su bar biyu.

Dalili kuwa, labaran ba a warwatse suke ba, zare ɗaya ne ya ɗinke su. A na farko, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, mugun Waziri yana neman hanyar fitar da Musa, ɗan Sarkin, daga fada, aku kuma yana tsare yaron da labari dare bayan dare har gari ya waye. Wanda ya tsallake wannan shimfiɗa ya faɗa cikin labaran kai tsaye ya zubar da rabin daɗin, don kowane labari tarko ne akun ya ɗana. Na biyu gasa ce tsakanin aku da aku. A na uku akun, wanda ya riga ya zama Waziri, yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar baki. Imam ya tsinto wasu labaran daga Larabawa da Turawa, amma ya sa musu babbar riga da rawani har ba ka gane baƙi ne.

Matsalar tana wajen bugu. Akwai na jabu a kasuwa: takarda shara-shara, zane ya dushe, gam na sakin shafuka. A buɗe tsakiya a ɗan ja, a bi lambobin shafi a ga ko an yi tsallake. Wasu kwafin da ke yawo a waya kuma sun zubar da ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, mai koyon karatu ya rikice.

A karanta labari ɗaya a dare, da murya, kamar minti goma sha biyar. Babba ya fara dubawa shi kaɗai, don akwai wuraren kisa da yaudara da suka fi ƙarfin ɗan shekara shida, da sarautu irin su Barde da za su nemi bayani.