Wata uku a zauren 'yan gem da na haɗu da su a taron masoya zane da wasanni a Kano

Ƙanena ne ya matsa sai mun je taron. Shekararsa goma sha shida, kuma tun rasuwar mahaifinmu ɗawainiyarsa ta dawo hannuna, saboda haka duk inda zai sa ƙafa a karon farko nakan so in fara ganin wurin da idona. Taro ne na masoya littattafan zane da katun na Japan da wasannin bidiyo, irin wanda aka daɗe ana yi a Legas, amma ni ban taɓa halartar irinsa a Kano ba sai ranar. An yi shi ne wata Asabar a wani ɗakin taro da ke kusa da Zoo Road, kuma tun daga inda mai adaidaita sahu ya sauke mu muka fara cin karo da samari sanye da kayan jaruman da suke kallo.

Rumfar da ta fi tara jama'a ita ce ta wata ƙungiyar masu buga gem ta intanet, wadda a kanta nake wannan sharhi. Sun kafa manyan talabijin biyu, kowanne da PlayStation 5 a ƙarƙashinsa, samari biyar ko shida cikin riguna iri ɗaya suna tsara layi, 'yan mata biyu kuma suna zaune da littafin rajista. Duk wanda ya zo sai a ba shi wasan ƙwallo ɗaya kyauta, wanda ya doke mutum uku a jere a ba shi katin waya. A jikin teburin an manna lambar nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da kyamarar waya, tana kai mutum kai tsaye zaurensu na WhatsApp. Sun kuma raba 'yar takarda mai ɗauke da alkawura: gasa kowane mako, horo ga sababbin shiga, kyauta a ƙarshen wata, sannan a ƙasa da manyan baƙaƙe an rubuta cewa babu zagi, babu caca, kuma ana tsayawa idan lokacin sallah ya yi.

Ina tsaye a gefe ina jiran ƙanena sai ɗaya daga cikin samarin ya miƙo mini hannun gem ya ce, "Babban yaya, bismillah, ai ba a zuwa rumfarmu a tafi ba a taɓa ba." Na karɓa, domin ni ma a gidan gem na Fagge na yi ƙuruciyata, zamanin PlayStation 2, lokacin da mukan haɗa kuɗin tara mu sayi wasa ɗaya, wanda aka ci ya tashi ya ba na baya wuri. Bayan mun gama na tambaye shi abin da ya fi damuna. Na ce, "Ɗan'uwa, wannan kyautar da kuke bayarwa, daga aljihun wa take fitowa?" Ya ce ba sa karɓar ko sisi a matsayin kuɗin shiga gasa, domin idan 'yan wasa suka zuba kuɗi wanda ya yi nasara ya kwashe, sunan abin caca ko da an canza masa riga. Kyautar, in ji shi, daga wasu masu shagunan waya take zuwa, waɗanda ake sa sunan shagonsu a jikin jadawalin gasa. Wannan amsar ce ta sa na haska lambar da wayata, na kuma bar ƙanena ya haska da tasa.

Yau wata uku ke nan ina ciki, ba a matsayin mai gadin yaro kaɗai ba, har da buga gasa biyu da na yi da kaina.

Abu na farko da ya kamata mai niyyar shiga ya sani shi ne, abin da aka gani a rumfa ba shi ne abin da ake tararwa a zaure ba. Manyan talabijin da PlayStation 5 na ranar taro ne, kuma daga baya na ji daga bakinsu cewa aro suka yi. Harkar ƙungiyar kacokan a kan wayar hannu take. Ban ɗauki wannan a matsayin yaudara ba, tun da ba su ce za su ba kowa na'ura ba, amma da sun ajiye wayoyi biyu a teburin sun nuna wa mutane ainihin yadda ake fafatawa, da yara da yawa ba su shigo da tsammanin da ba za a cika musu ba. Ƙanena kansa sai da ya yi kwana biyu yana tambayar inda ofishinsu yake.

Sassa uku gare su. Akwai na eFootball, wato wasan ƙwallon kamfanin Konami da muka sani da PES kafin a sauya masa suna a 2021 a kuma mayar da shi kyauta. Akwai na Free Fire, inda ake jefa mutum 50 a tsibiri ɗaya a fafata na kimanin minti goma, wanda shi ne ya fi jan yara saboda ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa. Sai na Call of Duty Mobile, wasan harbe-harbe wanda ya fito a 2019, kuma masu buga shi sun fi girma, wayoyinsu ma sun fi tsada. Ni a sashen ƙwallo na tsaya, kuma a nan ne na ga abin da ya sa nake ganin ƙungiyar ta cancanci a yi magana a kanta.

Tsarin gasar mai sauƙi ne amma ana bin sa sau da ƙafa. Ranar Juma'a da yamma ake fitar da jadawali, a raba mutane rukuni rukuni, kowa ya ga abokin karawarsa. Ana ba da kwana biyu ku daidaita lokaci tsakaninku, ɗaya ya buɗe ɗakin wasa ya tura wa ɗayan lambar shiga, idan kun gama kowa ya ɗauki hoton allon wayarsa mai nuna sakamako ya tura wa masu kula da zaure. Wanda bai bayyana ba har wa'adi ya cika, an ci shi. Idan gardama ta taso, mutum uku ne suke zama a kanta, kuma ba a sa wanda yake da aboki a cikin masu rikicin. Duk wanda ya san gidan gem ya san cewa ba buga wasa ne mai wuya ba, rabon gardama ne, kuma abin da nake gani a da ana ƙarewa da cacar baki har da dambe a bakin shago, a nan ana kashe shi cikin rabin sa'a da hoto da shaida.

Maganar zagi ma da gaske suke yi. A makona na uku wani yaro da aka zura wa ƙwallo biyar ya ɗura wa abokin wasansa ashar a cikin zaure, har ya haɗa da iyaye. Kafin minti biyar an goge saƙon, an cire shi, aka kuma rubuta cewa ba zai dawo ba sai ya nemi afuwar wanda ya zaga a gaban kowa. Ya nema, aka mayar da shi bayan mako guda. Abin da ya ƙara mini natsuwa shi ne na ga an yi wa wani daga cikin gwanayensu, wanda ya taɓa ɗaukar kofi, hukunci iri ɗaya ba tare da an sassauta masa ba. Haka nan ba a sa wasa tsakanin magariba da isha'i, ana rufe tura saƙo da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kuma duk ɗalibin da ya ce yana shirin WAEC ko NECO ko JAMB ana cire sunansa daga jadawali har ya gama. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da jarabar gem cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, kuma ko ba a kai ga likita ba, kowane gida a unguwarmu ya san yaron da waya ta raba da littafinsa. Samun manya a cikin harkar da za su ce wa yaro ya ajiye ya je ya yi karatu ya fi tasiri a kansa fiye da faɗan da nake yi masa a gida, domin su yana ganin sun san daɗin abin da suke hana shi.

Horon da aka yi alkawari kuwa ban gan shi ba. Sau ɗaya aka sa rana, wanda zai koyar bai zo ba, kuma ba a sake tayar da maganar ba. Sabon shiga yakan faɗa rukuni ɗaya da waɗanda suka shekara suna bugawa, a lallasa shi sau uku a jere, ya yi shiru, daga nan sai a ga ya fice. Raba gasar gida biyu, na ƙwararru da na masu tasowa, ba zai ci musu ko kwabo ba.

Sai matsalar sabis, wadda ba su suka jawo ta ba amma dokarsu ta ƙara mata nauyi. Wasan intanet ba yawan data yake buƙata ba kamar kallon bidiyo, abin da yake buƙata shi ne saƙo ya je ya dawo cikin ƙiftawar ido, kuma idan jinkirin ya yi yawa sai ka danna bugu ɗan wasanka ya amsa bayan an riga an ƙwace ƙwallon. A gidanmu da ke Dorayi, da zarar an yi isha'i kowa ya hau waya, sai wasan ya fara tsinkewa. Dokar ƙungiyar ita ce duk wanda sabis ɗinsa ya yanke an ci shi, ko da shi ne a gaba. Haka aka fitar da ni a zagayen kusa da na ƙarshe ina da ci biyu da nema, saura 'yan mintuna a tashi. Na fahimci dalilinsu, domin akwai masu kashe data da gangan idan sun ga za a ci su, amma wanda yake kan gaba ba shi da abin da zai gudar wa, kuma ya dace doka ta bambanta su. Ga kuma tsada. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a watan Janairun 2025, yaron da ke dogara da abin da yayansa ya ba shi ba zai iya sabunta gem mai nauyi duk lokacin da aka buƙata ba, balle a ce an ɗauke wuta wayar ba caji. Na sayi fawabank a kasuwar waya ta Farm Centre musamman saboda wannan gasa. Kyautar wata ta farko ta fito a kan lokaci, ta biyu sai da ta yi kwana goma sha biyu, amma sun fito sun yi bayani kuma sun biya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun lambobin waya. A zauren WhatsApp, wanda yake iya ɗaukar mutum 1,024, kowane mamba yana ganin lambar kowa. Lambar da aka manna a teburin taro kuwa duk wanda ya wuce yana iya haskawa, babu wanda ya tantance shi. Sakamakon haka, cikin makon farko wani ya bi ƙanena ta bayan fage yana yi masa tallar asusun Free Fire mai ɗauke da dayamon, wato kuɗin cikin wasan, da kayan ado a farashi mai rahusa, ya ce ya fara tura rabin kuɗin. Allah ya sa yaron ya zo ya same ni ya ce, "Yaya, dubi wannan, ka ga ya yi kama da gaskiya?" Na tura wa masu kula da zaure hotunan hirar, suka cire mutumin nan take suka yi gargaɗi, amma lambar ƙanena ta riga ta shiga hannunsa. 'Yan mata sun fi kowa shan wannan wahalar. A ranar taro na ga da dama sun yi rajista, amma yanzu da wuya ka ji muryar mace a zauren, kuma ɗaya daga cikinsu kafin ta fita ta rubuta cewa kiran dare daga mutanen da ba ta sani ba ne ya kore ta. Ƙungiyar da ta iya hana ashar a fili ya kamata ta iya toshe wannan ƙofar.

Abin takaicin shi ne suna da maganin a hannunsu. Suna da dandali a Discord, manhajar da aka yi tun 2015 domin masu buga gem, inda ake shiga da sunan da mutum ya zaɓa ba tare da an ga lambarsa ba, ana kuma iya ware ɗaki ga kowane sashe. Sai dai sun tsara shi da Turanci zalla, babu wanda ya zauna ya nuna wa mutane yadda ake amfani da shi, don haka 'yan Call of Duty ne kawai suke leƙawa idan za su yi magana da murya. Sauran duk muna cunkushe a WhatsApp, inda sanarwar jadawali takan nutse a ƙarƙashin ɗaruruwan saƙonnin musu a kan Barcelona da Real Madrid, ko kan abin da ya samu Kano Pillars a ƙarshen mako.

Ga uba ko yaya da yaronsa ya dawo daga irin wannan taro da takarda a hannu yana roƙon a bar shi ya shiga, shawarata ita ce a bar shi, amma babba ya shiga tare da shi ko da ba zai buga ba, ya kuma gaya masa tun ranar farko cewa ba a tura wa kowa kuɗi ko lambar sirri ta bayan fage. Ƙanena yana nan a ciki bisa sharaɗin cewa wayarsa tana kwana a ɗakina ranakun makaranta. Wanda kuma yake neman inda zai koyi wasa daga tushe, ko yake tsammanin zai riƙa samun kuɗi da shi, ba nan ne wurinsa ba tukuna.

Makon jiya na rubuta wa saurayin nan da ya miƙo mini hannun gem, na zayyana masa batun lambobin waya da na dokar yankewar sabis. Ya amsa da cewa, "Babban yaya, mun gode, maganar sabis za mu sa ta a ƙuri'a kafin gasa mai zuwa, ta Discord kuma muna neman wanda zai mayar mana da bayanan Hausa." Na ce masa ya turo mini su, zan fassara a ƙarshen mako.