Lasifika shida a falon Abuja: har yanzu kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Tana biya, amma ba a kowane falo ba, kuma ba lallai a sayi komai rana ɗaya ba. Tsarin da muke magana a kai shi ne wanda ake kira 5.1: amfilifaya mai rarraba sauti, wadda masu sayar da kaya ke kira risiba, da lasifika uku a gaba, biyu a gefe ta baya, sai wufa ɗaya mai fitar da bas. Mun yi amfani da shi a irin falon da aka fi samu a Gwarimpa, Kubwa da Lugbe, wato bangon bulo, ƙasa tayil, sama silin POP, tsawo kamar mita biyar, faɗi huɗu.

Inda ya fi burge mu shi ne magana. Mutane sukan ɗauka lasifikun baya ne sirrin abin, alhali ta tsakiya ce ke ɗauke da kusan duk hirar fim. A talabijin zalla, idan ka ƙara murya don jin abin da ake faɗa, sai harbi ko kiɗa ya zo ya tashi yaran da ke barci. Da risiba kana iya ɗaga ta tsakiya kaɗai da desibel biyu ko uku, sauran su tsaya inda suke. Wannan kaɗai ya isa dalili ga gidan da ke da dattijo mai ƙarancin ji. Bayanta sai wufa, wadda ke ba sautin nauyi ko da murya tana ƙasa. Na bayan kuwa suna da daɗi a ruwan sama, ihun 'yan kallo a filin ƙwallo, ko jirgi yana wucewa, amma su ne suka fi yin shiru cikin shidan.

Kafin ka ciro kuɗi, ka duba abin da ake kallo a gidanka. Labarai, wa'azi, galibin abin da ke YouTube da mafi yawan fina-finanmu na Hausa, sautinsu na hagu da dama ne kawai. Risiba tana iya baza shi zuwa lasifika biyar, sai dai ƙirƙira ce, ba haka aka haɗa shi ba. Sautin 5.1 na gaskiya yana zuwa ne daga Netflix da makamantansa, da wasu tashoshin DStv, da faifan Blu-ray, da na'urorin wasa irin PlayStation. Idan waɗannan ba sa cikin kallonka, sawunba mai kyau, doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, za ta wadatar da kai ba tare da jan waya ko fasa bango ba. Ga mai haya ma ita muka fi ba da shawara. Abin da ba za ta iya ba shi ne raba hagu da dama da tazarar mita biyu zuwa uku, kuma idan wani ɓangarenta ya mutu, yawanci duka ake zubarwa. Lasifikun da ke tsaye da kansu kuwa sukan yi shekaru masu yawa, risiba kawai ake sauyawa.

Akwai kuskuren da muke yawan tararwa a gidajen da aka kashe kuɗi sosai: komai a jone, amma lasifika biyu kaɗai ke samun sautin gaske. Dalili shi ne an bar fitar sautin talabijin a kan saitin da ake kira PCM. Ta wayar oftikal ko ta ramin HDMI mai alamar ARC, wanda ke mayar da sautin talabijin zuwa risiba, PCM hanya biyu kawai yake ɗauka. A shiga saitin sauti a mayar da shi Bitstream, ko Passthrough, ko Auto, gwargwadon sunan da talabijin ɗin ya ba shi, sannan a kalli fuskar risiba. Idan ta rubuta Dolby Digital ko DD+, an dace. Ramin eARC, wanda ya zo da HDMI 2.1 a 2017, shi ne ke iya ɗaukar sautin da ba a rage ingancinsa ba irin Dolby TrueHD. Wanda ya sayi tsohuwar risiba da ba ta wuce da hoton 4K, ya jona dikoda da sauran na'urori kai tsaye a talabijin, ya dawo da sautin kaɗai zuwa risiba.

Yanzu wuta, wadda ita ce ke kashe waɗannan kaya a Abuja fiye da komai. Wutarmu bolt 230 ce. Risibar gwanjo da ta fito daga Amurka ta bolt 120 ce, ta Japan kuma 100, kuma jona ta kai tsaye sau ɗaya ya isa ya ƙona ta. A juya bayanta a karanta kafin a biya, ko a Banex ne ko a kasuwar Wuse. Idan ta 120 ce, sai da tiransfomar rage wuta, mai ƙarfin da ya zarce abin da aka rubuta a bayan risibar da kamar rabi: mai 500W a ba ta tiransfoma mai 750W ko 1000W. Ta Ingila ko ta Turai ba ta buƙatar wannan, shi ya sa muka fi son ta ko da ta ɗan fi tsada. Sannan a sa sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, domin lokacin da aka dawo da wuta shi ne mafi haɗari. Inbata mai arha, wadda wutarta ba ta fita sumul, tana sa tiransfomar cikin risiba da ta wufa gunji da zafi. A nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. Ƙaramin janareta ma kada a jona masa kai tsaye. Batun cin wuta kuwa bai kai yadda ake tsoro ba, ko ga 'yan Band A, rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta, da kuɗin yunit ɗinsu ya haura naira 200 a Afrilun 2024. Lambar bayan risiba ba ita ce abin da take ja kullum ba. A kallon yau da kullum abin da take ja bai kusanci na iyakwandishan ba.

Idan ana jin wani ƙugi mara yankewa daga wufa, a fara zare wayar dish daga dikoda. In ya ɗauke, matsalar ta ayin ce, wato wayar da ke kai wuta ƙasa: dish da soket ba su haɗu a ƙasa ɗaya ba. A jona dukkan kayan a layin soket guda, a kira mai gyaran wuta ya duba ayin ɗin gidan. Kada a karya ƙafar ayin ta fulogi don a huta da ƙarar.

Wurin ajiya ya fi tsadar kaya tasiri. Lasifikun hagu da dama su buɗe kamar digiri 30 kowace daga tsakiyar kujera, wato tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da tazararka da kowaccensu, ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti ya yi daidai da kunnen mai zaune. Ta tsakiya ta zo bakin teburin talabijin, ba can cikin durowa ba. Na gefe su ɗan wuce kafaɗa ta baya, wajen digiri 110, sama da kunne kaɗan. A nan falonmu ke ba da wahala, don kushin jere suke jikin bango, mutum ɗaya ko biyu ne kawai ke fuskantar talabijin. In babu halin janyo doguwar kujera ko da rabin mita daga bango, a tsaya a kan uku na gaba da wufa. Tayil da bulo kuma suna mayar da sauti har magana ta cakuɗe. Kafet mai kauri tsakanin kujera da talabijin, da labule mai nauyi, sun fi sabuwar amfilifaya gyara wannan.

Wufa ba ta da wuri ɗaya tabbatacce. A ɗora ta a kan kujerar da ake zama, a kunna kiɗa mai bas, a zagaya gefen bango a durƙushe. Inda bas ya fito cikakke ba tare da ruri ba, nan za a ajiye ta. A bene, a sa mata roba mai kauri a ƙasa saboda maƙwabcin da ke ƙarƙashi, don bas yana bin siminti. A saitin risiba a mayar da dukkan lasifikun Small, a sa iyakar rabon bas, wato inda wufa ke karɓar sautin daga sauran, a 80Hz, sannan a bar makirfon da ya zo da ita ya auna ɗakin. Risibobin Denon da Marantz suna amfani da tsarin awo mai suna Audyssey, na Yamaha kuma YPAO. A kashe fanka da iyakwandishan yayin awon, kuma idan ta gwanjo ce a tambayi makirfon tun a shago, don shi ne ya fi ɓacewa.

Waya ba sai mai tsada ba. Jan ƙarfe zalla mai kauri 1.5mm ya isa har kusan mita 15, abin da ya fi haka a sa 2.5mm. A kankare bakinta a gani, domin akwai alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. Ja ya je ja, baƙi ya je baƙi. Idan aka juya a lasifika ɗaya, bas yakan ragu, murya kuma ta rasa tsakiya. Risibar da ke mutuwa da zarar an ƙara sauti, galibi silin waya ɗaya ne ya taɓa ɗan'uwansa, ko kuma zafi ne. A bar mata sarari aƙalla santimita 10 a sama, kada a rufe ta a kabad a zafin Maris da Afrilu, kuma bayan hunturu a hure ƙurar da ta toshe ramukan iskarta.

Kwalayen hom-tiyata masu rubutun 5000W PMPO kuwa, lambar ba ta nuna komai. RMS ake dubawa, wato ƙarfin da amfilifaya ke iya fitarwa ba tare da yankewa ba, kuma wat 70 zuwa 90 a kowace hanya sun ishi irin wannan falo. Dolby Atmos, wanda ya fara a silima a 2012, yana ƙara lasifikun sama, kuma silin POP yana sauƙaƙa sa su idan aka ja wayar tun ana gini. Mai gina gida yanzu ya binne bututun waya zuwa gefen kujera da silin ko da bai sayi komai ba tukuna. Wanda ya riga ya tare, ya fara da risiba da lasifika biyu masu kyau, ya ƙara wufa, sannan ta tsakiya daga kamfani da jeri ɗaya da na gaban don muryarsu ta zo ɗaya.