Wuyan babur ya lanƙwashe: a miƙe shi ko a sayi sabo?

Tun da damina ta ɓata hanyoyin fadamar Argungu, tambayar da ake ta yi mini a gareji ke nan: "Oga, a miƙe ko a canza?"

Miƙewa ta fi arha, kuma ranar za ka hau abinka. Amma ƙarfen da ya lanƙwashe aka dawo da shi ba ya komawa da ƙarfinsa na da, musamman in an gasa shi da wuta. Wani lokaci tsagewa na ɓoye a gindin walda, ido ba ya gani. In miƙewar ba ta yi daidai ba, kan zai riƙa ja gefe guda, boris ya ci, tayar gaba ta sude ɓangare ɗaya. Kuɗin da ka tsere wa sai ya biyo ka gida.

Sabo kuwa da tsada, wataƙila sai an aiko daga Birnin Kebbi. A kula da jabu, a kuma canza boris tare.

Mai zagayen cikin gari, lanƙwasa kaɗan, babu tsagewa, miƙewa za ta riƙe shi. Ɗan acaɓa da mai ɗora buhunan shinkafa, su sayi sabo.