Raga, leda da zaren PVA: wanne ya cancanci kuɗin mai kamun kifin karf?

Babbar wahalar mai kamun kifin karf (wani babban kifin tafki da kogi) da fatsa ita ce yadda zai ajiye ɗan abinci daidai inda ƙugiyarsa ta sauka, musamman idan ya yi jifa mai nisa, domin abin da aka watsa da hannu ko da majajjawa warwatsewa yake yi, kifin ya ƙoshi can gefe bai ko kusanci ƙugiyar ba. Kayan PVA an yi su ne don magance wannan matsala: su riƙe abincin a jefa shi tare da ƙugiya, sannan su narke a ruwa. PVA wani nau'in roba ne mai narkewa a ruwa, wanda masana kimiyya suka fara haɗawa a Jamus a 1924, kuma masuntan karf na Birtaniya da sauran ƙasashen Turai sun mayar da shi kayan aikin yau da kullum. Iri uku aka fi sayarwa, wato raga, leda da zare, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Ragar ita ce na fi ba wa sabon shiga shawarar ya fara saya. Tana zuwa ne a naɗe jikin bututun roba, tare da 'yar sandar dannawa, kamar yadda ake gani a Funnel Web na kamfanin Korda da makamantansa na Fox da Nash. Ana ƙulle bakin ragar, a zuba ƙwayoyin abinci ko dakakken boili (ƙananan dunƙulen abincin kifi da aka dafa) ta saman bututun, a danna su da sandar, a sake ƙullewa, a yanke. Cikin ɗan lokaci mutum zai haɗa ƙulle-ƙulle masu yawa ya adana su a busasshen mazubi. Idan aka danne abincin sosai, da zarar ruwa ya ci zaren sai ƙullin ya fashe, abincin ya bazu a ɗan fili kewaye da ƙugiyar. Idan kuwa aka ɗaure shi sakwa-sakwa, tsibi guda kawai zai yi. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba: idan aka zura siririn ƙullin a igiyar ƙugiya har ya rufe tsininta, yana hana igiyar harɗewa a sama, yana kuma kare tsinin daga ganye. Aibin ragar shi ne ruwa na shiga ta ramukanta nan take, saboda haka a tafki mai zurfi lokacin zafi tana iya fashewa tun kafin dalmar da ke nitsar da ƙugiya ta taɓa ƙasa. Mai manyan idanu kuma ba ta riƙe gari ko tsutsa, sai a nemi mai ƙananan idanu.

Ledar ta fi neman haƙuri, amma a ganina ita ce ta fi biyan wahala. Ana saka dalma da ƙugiya da gajeriyar igiya mai laushi duka a cikinta, a cike da ƙananan ƙwayoyi, a bubbuga har abincin ya zauna daram, sannan a murɗe bakin a ɗaure, a ɗan jiƙa kusurwoyin ƙasa a manne su a jiki domin ta zama dunƙule guda mai tsaga iska. Ledar da aka ɗaura da kyau tana zuwa nesa fiye da ragar da ke lilo a jikin ƙugiya, kuma a ƙasan da ke da laka ko ciyawar ruwa babu kamarta, tun da komai na sauka a rufe, ƙugiyar ta kwanta a kan tulin abinci mai tsabta. Sai dai dole a huda ta da allura wurare kaɗan domin iska ta fita, in ba haka ba takan sauka a hankali ko ta juya yadda ba a so. A nan ne bambancin mai kyau da mai araha ke fitowa fili, domin leda mara inganci ɗinkin gefenta ke tsagewa yayin da ake dannawa, ko ta yi tauri ta ƙi naɗuwa.

Zaren kuwa aikinsa ƙalilan ne: a jera boili uku ko huɗu a jikinsa a rataya a ƙugiya, ko a ɗaure bakin leda da shi. Ya kamata a bar tazara tsakanin boilin, domin zaren yakan tsuke kafin ya narke, idan kuma ruwa bai samu hanyar shiga ba sai su manne wuri guda su daɗe a haka. Ƙulli mai kauri ma yakan bar ɗan danƙo a jikin ƙugiya.

Dukkansu ukun abokin gabarsu ɗaya ne, wato danshi. Jiƙaƙƙen hannu, yayyafi, ko dalmar da aka ciro daga ruwa ba a goge ba, kowanne ya isa ya lalata aikin. Mai ba ya narkar da PVA, shi ya sa ake iya jiƙa abincin da man kifi, amma dafaffiyar masara da sauran abinci mai ruwa sai an tsane su an gauraya da gishiri mai yawa, ko a sayi waɗanda aka rubuta a jikinsu cewa sun dace da PVA. Sanyin ruwa kuma yana jinkirta narkewa ƙwarai, kuma lokacin da ake rubutawa a jikin fakiti bai kamata a dogara da shi kacokan ba. Kafin a amince da kowane sabon kaya, a ɗebi ruwan tafkin da za a yi kamun a cikinsa a kofi, a jefa ƙulli guda, a duba tsawon lokacin da zai ɗauka da kuma ko zai bar saura. Wanda zai yi kamu cikin hunturu ya zaɓi PVA mara kauri, wanda zai yi a ruwa mai zurfi lokacin zafi ya zaɓi mai kauri ko ya ninka leda biyu.